Kirarin da Na Yi wa Mista Wilba

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin jirgi kika buɗe ta ko bayan kin sauka. Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya sada ki da mijinki Nura cikin farin ciki, Ya ba ki abin da kika je nema.

Mahaifiyarki ta yi ta dariya da ta ga ina rubuta wasiƙa zuwa ga mutumin da muke kwana gida ɗaya da shi. Ta ce in kira ki mana in faɗa miki. Na ƙi, domin duk ranar da na fara wannan labari da baki ita take karɓewa ta ƙarasa, kuma ba ta ƙarasa shi yadda zan tashi da mutuncina. Nasihar salla da riƙon aure ta riga ta yi miki, gwaggwanninki sun maimaita har na ga kina gyangyaɗi. Tawa daban ce. Greensboro ɗin da za ki na zauna a cikinsa kina 'yar firamare. Karatun da za ki yi, na al'adun Amurkawa da labaran da suke ba kansu a kan kansu, shi na yi. Kuma na bar ɓarna a can wadda har yau ban gyara ba. Akwai wani dattijo a Pleasant Garden, kudu da garin, sunansa Mista Wilba. Abokina ne na ƙut da ƙut, har ranar da na yi masa kirari a gaban jama'a. Yanzu ba shi da lafiya, ina kuma so mu shirya kafin ɗayanmu ya riga ɗaya. Sai kin ji yadda aka yi kafin in gaya miki abin da nake so ki yi mini.

Lokacin da na sauka, shugaban ƙasarsu manomin gyaɗa ne. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa fiye da kima. Na ce a raina, ƙasar da mai gyaɗa yake mulki ai Bakano ba zai ɓata a cikinta ba. Ajin farko ya nuna mini ba haka ba ne. Tebur ne dogo, mu 'yan kaɗan a kewaye, malamarmu Farfesa Helen tana zaune a cikinmu, kowa yana kiran sunanta gatsal kamar ƙanwarsa. Ni kuwa na yi abin da aka koya mini tun ina ƙarami: malami na magana, ɗalibi ya sunkuyar da kai. Na kwashe makonni ban ce uffan ba. Ina ganin ladabi nake zubawa, ashe ita gani take Turancin ne ba na ji. Rannan ta kira ni ofis, ta fara yi mini magana kalma ɗaya-ɗaya tana haɗawa da hannu, ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci a kwalejin horon malamai. Washegari na buɗe baki a aji, kuma kin san ubanki, ba a sake samun mai rufe shi ba har ƙarshen zango. Saboda haka ki yi magana tun makon farko, don shirun ɗalibi a wurinsu alamar bai yi karatu ba ce. Amma ki riƙa tsayawa kina shan iska saboda wasu su samu shiga.

A wannan aji aka ce za mu yi nazarin tatsuniyoyin ƙasa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ni da kakata ta cika wa kunne da tatsuniya. Ashe ba irin tamu ba ce. Tamu ana buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurunƙus, yaro ma ya san ƙarya aka shara masa, ya je ya kwanta. Tasu ba ta da ƙurunƙus. Babba da furfurarsa yake ba da ita da rana tsaka, ya yarda da ita, ya yi zaɓe da ita, ya reni 'ya'yansa da ita. Babbar cikinsu ita ce ta mutumin da ya gina kansa da kansa: ya taso ba ko anini, ba wanda ya tallafe shi, ya yi ta fama har ya zama wani. Na ji wannan a aji na ɗauka maganar littafi ce, ban san zan gamu da mutumin ido da ido a bakin titi ba.

Wata Asabar na bi High Point Road da ƙafa ina neman kantin da ake sayar da shinkafa da barkono. A garin nan ba a tafiyar ƙafa. Wanda aka gani yana taka gefen titi, ko motarsa ce ta lalace ko kansa. Ina wucewa ta wani fili da ake sayar da tsofaffin motoci, sai wani Bature jajir, mai tumbi, da hular hana-salla, ya ɗago mini hannu.

“Saurayi, ina motarka?” in ji shi. Lokacin na doshi arba'in.

Na ce ba ni da ita. Ya dube ni kamar na ce ba ni da wando. Ya ja ni ɗan ofishinsa, ya buɗe mini lemon kwalba, kafin in sha rabi ya fara ba ni tarihinsa. Ya nuna filin ta taga ya ce, “Ka ga duk wannan? Ni na yi shi. Na zo garin nan daga ni sai rigar wuyana. Ba uba, ba kawu, ba wanda ya ba ni ko allura. Ni na gina kaina.”

Ummi, sai da idona ya kawo ruwa. A wurinmu wa yake faɗin haka in ba wanda duniya ta juya wa baya ba? Mutum ya ce ba shi da kowa, ai asirin kansa yake tonawa. Na ajiye kwalbar, na kama hannunsa da hannu biyu, na ce ya yi haƙuri, Allah ba Ya barin maraya, daga yau kuma ya ɗauke ni ɗan'uwa. Ya yi sororo yana kallona, can sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur. Ya ce tun da yake ba da wannan labari ba a taɓa yi masa ta'aziyya ba sai yau. Wannan shi ne Mista Wilba. Ki riƙe wannan: idan Ba'amurke ya ce miki ba wanda ya taimake shi, kada ki ce Allah sarki. Ki dubi ƙirjinsa, za ki ga a waje yake. Alfahari yake yi, amsarsa madalla ce.

Ranar ban koma gida da ƙafa ba. Ya sayar mini da wata tsohuwar mota ruwan ganye mai faɗin kwalekwale, wadda take tashi in ta ga dama. Daga nan zumunci ya ƙullu. Kowace Lahadi ina gidansa a Pleasant Garden, gida ɗaya tal a tsakiyar filin da a Gwammaja za a yanka unguwa guda. Matarsa Madam Dori, da ta ji ba na cin alade, ta ware mini tukunya ta musamman, ba mai taɓa ta, har jikokinta suna kiranta tukunyar Garba. Shi ya koya mini tuƙi a titinsu, yana zagina yana dariya. Shi ya kai ni kamun kifi, muka wuni ba mu kama komai ba sai sauro.

Da labarin rasuwar kakanki ya iso mini, an riga an yi sadakar bakwai. Ban san inda zan sa kaina ba, sai na tuƙa mota na nufi wurinsa. Asabar ce, ranar da ya fi ciniki. Ya dubi fuskata, ya ɗauki makulli ya rufe filin, ya kai ni gida muka zauna a baranda. Ya ce, “Garba, yaya kuke yi a ƙasarku in an yi mutuwa?” Na ce zama ake yi. Ya ce, “To, mu zauna.” Mutumin da ba ya iya rufe baki na minti ɗaya ya zauna da ni shiru har rana ta faɗi. Ina gaya miki wannan ne don in kin ji sauran labarin ki san abin da na yi asara.

Na ba Farfesa Helen labarin Mista Wilba, ta yi tsalle ta ce ai ga kundin digirina nan a zaune yana sayar da motoci. Na gaya masa, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce dama ya daɗe da sanin wata rana za a sa shi a littafi. Na fara yi masa tambayoyi, kullum labari ɗaya: rigar wuya, ba uba, ba kawu. To amma Bahaushe ba ya sanin mutum sai ya san ɗan wane ne. Na fara tambayar mutanen gida. Akwai ƙanwar mahaifinsa, Anti Mebul, tsohuwa tukuf da ba mai sauraronta. Tsohuwa kuwa ko'ina tsohuwa ce, ka ba ta kunne ta ba ka asalin gari. Muna ɓarar wake a kicin ta zazzage mini komai. Uban Wilba manomin taba ne, ba mai kuɗi ba amma bai taɓa barin 'ya'yansa da yunwa ba. Filin motocin nan uban Madam Dori ne ya ba su da suka yi aure. Motocin farko kawunsa ne ya zuba masa, ya ce in ya sayar ya biya. Karatun kasuwancin da ya yi gwamnati ce ta ɗauki nauyi bayan ya dawo daga aikin soja. Ga kuma Mista Jems, wani bakanike baƙar fata, wanda tun ranar farko shi yake tayar da matattun motoci su yi tafiya har su bar filin.

Na fito daga kicin ɗin nan kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Ashe abokina ɗan dangi ne. Ashe yana da asali, yana da gata gaba da baya. Na yanke wa kaina hukunci cewa kawaici ne ya sa yake ɓoyewa, irin na mutumin kirki da ba ya son a ce yana tinƙaho da danginsa. Ban tambaye shi ba, ban tambayi matarsa ba. Na kai wa Farfesa Helen abin da na samo, ta ce aiki ya yi kyau, amma in canza sunayen mutane duka, kuma abin da na sa a takarda kada in ɗauke shi in kai teburin cin abinci. Na ce to da baki. A zuciya kuwa na ce wannan wane irin butulci ne, mutane su yi alheri a goge sunansu? Ummi, idan malaminki ya ce ki canza suna, ki canza. Abin da aka faɗa miki ana ɓarar wake na kicin ne. Kuma idan kika ga mutum ya rufe wani ɗaki a rayuwarsa, kada ki zauna ke kaɗai ki ƙaddara dalilin da ya sa ya rufe, don dalilin da za ki kawo na garinku ne.

Da bazara ta yi, Mista Wilba ya shirya walimar cikar filinsa shekara talatin. Aka kafa tebura a ƙarƙashin itatuwa, ana gasa nama, aka ware mini kaza a gefe. 'Yan cocinsu sun zo, abokan ciniki sun zo, dangi sun zo. Na saka babbar rigata mai aska takwas, na kafa hula. Suna da al'ada, in an ci an ƙoshi sai mutum ya ƙwanƙwasa kofi da cokali, a yi shiru, ya miƙe ya faɗi alherin mai gida. Na farko ya miƙe ya ce Wilba ya taso ba shi da komai. Aka tafa. Na biyu ya ce Wilba ba wanda ya taɓa miƙa masa hannu. Aka tafa. Limamin cocinsu ma ya miƙe ya ce ga mutumin da ya fito daga babu. Zuciyata ta fara tafasa. Na san a aji an koya mini wannan yabo ne, na ci jarrabawa a kai ma, amma karatu a kai yake, kunne kuwa na Bahaushe ne. Abin da kunnena yake ji shi ne an taru a gidan abokina, an ci namansa, ana ce masa marar asali, shi kuma bawan Allah yana murmushin haƙuri.

Na ɗauki cokali na ƙwanƙwasa kofi. Wilba ya washe baki ya ce, “Ku saurara, ga masanin da ke rubuta littafina.” Na naɗe hannun riga a kafaɗa, na gyara murya, na yi abin da na ga ana yi wa manyan mutane tun ina yaro, sai dai da Turanci.

“Jama'a, ku daina cewa mutumin nan ba shi da kowa! Wilba ɗan manomin taba, wanda ubansa bai bar shi ya kwana da yunwa ba! Wilba surukin mai filaye, wanda aka ba mata aka haɗa masa da fili! Wilba ɗan gatan kawunsa, da aka cika wa fili da motoci ba a karɓi ko sisi ba! Ɗan lelen gwamnati, ta ɗauke ka soja ta biya maka makaranta! Mai Jems ba ya kwana da matacciyar mota! Itacen da ke da saiwa haka, wace iska za ta kayar da shi?”

Na yi ta jerowa, ban bar kowa ba, har matar da ta saya masa kwat ɗin aure. Da na ga wurin ya yi tsit sai na ƙara murya, ina ganin kirarin ne ya ratsa su. Da na dire, ba ka jin komai sai kitse yana ɗiga a wuta. Anti Mebul ce ta fara magana daga kujerarta, ta ce, “Amin.” Sai wani dogon mutum a can ƙarshen tebur ya miƙe yana tafi shi kaɗai, a hankali, yana kallon Wilba. Na rusuna masa don godiya. Daga baya na ji yayan Madam Dori ne, wanda ya yi shekaru yana cewa filin nan rabinsa gadonsa ne, da ƙyar aka lallashe shi ya zo walimar.

Na juya wurin abokina ina jiran ya rungume ni. Fuskarsa, da dama ja ce, ta koma kamar gauta. Ya ajiye kofinsa ya ce, “Garba, ina ganin lokacin tafiyarka gida ya yi.”

Ko a nan da Allah Ya rufa mini asiri na fita da sauri, da da sauƙi. Na shiga motar nan ruwan ganye, na murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ko tarin ma ta ƙi. Jama'a duka suna tsaye da faranti a hannu suna kallon motar da Wilba ya sayar mini ta ƙi tashi a ƙofar gidan Wilba. Sai Mista Jems ya ajiye abincinsa, ya zo ya buɗe gaban motar, ya taɓa wani abu. Ya leƙo ta taga ya ce a hankali, “Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Matsalar ke nan. Murɗa.” Na murɗa ta tashi, na fita da gefen babbar riga a maƙale a ƙofa yana jan ƙasa. Magana zarar bunu ce, Ummi. Kafin ki yabi mutum a gaban jama'arsa, ki fara sauraron yadda su suke yabonsa, ki bi sahu. In kuma kin ga kina magana wuri ya yi tsit, ki zauna, kada ki ƙara murya.

Da na tsaya a nan, wataƙila da an shirya. Amma na je na kai kuka wurin Alhaji Isa, wanda ya fi duk 'yan Arewa daɗewa a garin, yana ta fama da digirinsa na uku a kan kiwon kaji har kajin sun yi jikoki. Ya saurare ni ya ce, “Malam Garba, wannan ai simful ne. Ka yi ofendin babban mutum, ba ka isa ka je kai kaɗai ba. Mu haɗa delegeshan mu je mu ba shi haƙuri. Ni na san Amerikans ɗin nan, sun fi son abu ofishal.” Maganar ta shige ni, don haka na san ana yi: ƙarami in ya yi wa babba laifi, manya yake ɗauka su shige masa gaba.

Asabar ta zagayo muka ɗunguma filin motoci, duk wanda yake da babbar riga a cikinmu ya saka. Shekarar ana layin mai a ƙasar, kowa bakinsa masu arzikin fetur. Da masu sayen mota suka ga ayarinmu sai suka dare, suna raɗa cewa attajiran mai sun zo saye filin gaba ɗaya. Wilba ya fito da sauri yana gyara hula yana murmushi, har ya hango ni a can baya ina laɓewa. Muka zube a ƙasa a tsakanin motoci muka durƙusa. Alhaji Isa ya fara jawabi. Kuma don a san laifin da aka zo ba da haƙuri a kansa, sai ya ga ya kamata ya maimaita shi. Ya ce yaron nan ya yi kuskure da ya faɗa a bainar jama'a cewa surukinka ne ya ba ka fili. Bai kyauta ba da ya ce kawunka ne ya ba ka motoci. Ya jero su ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba, masu sayen mota da ba su je walima ba su ma suka samu rabonsu.

Wilba ya bar shi ya gama. Bai ko dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, “Garba, abin nan tsakanina da kai ne. Da kai kaɗai ka zo, da mun sha lemo mun kashe magana. Sai ka kwaso mini rabin Afirka.” Ya shige ofis ya rufe ƙofa. A hanya Alhaji Isa ya ce a ganinsa mitin ɗin ya tafi daidai, a ba shi lokaci. Garin neman gira ke nan na rasa ido. Idan kin ɓata wa Ba'amurke, ki je da ƙafarki, ke kaɗai, ki faɗa a taƙaice. Kuma ki yi hankali da ɗan gida da zai ce miki ya san mutanen nan.

Za ki ce, to Baba, ai ya gaya maka magani, me ya hana ka koma kai kaɗai? Kunya. Na sha bi ta gaban filin, in rage gudu, in hango hularsa tsakanin motoci, in taka mai in wuce. Kullum sai in ce gobe. Na gama kundi, na canza sunaye kamar yadda aka ce tun farko, malamai suka yaba, aka ba ni takardar da take rataye a falonmu. Na sayar da motar na hau jirgi ban yi masa sallama ba. Duk cikin kurakuran nan wannan ne kaɗai ba na iya ba da labarinsa ina dariya.

Ban gane ainihin laifina ba sai da na dawo gida. Kin tuna walimar da aka yi mini, ku yara kuna rabon alkaki? Baffana ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce wannan digiri albarkar iyaye ce. Addu'ar kakar Garba ce. Gwamnati ce ta biya. Matarsa ce ta riƙe gida. Ya ambaci malamin da ya fara ɗora mini karatu, ya ambaci har direban da ya kai ni filin jirgi. Duk gaskiya ne. Na zauna ina jira a ce Garba ma ya yi ƙoƙari, ya sha sanyi, ya kwana a kan littafi, ya ci shinkafa da man gyaɗa har ta fita ransa. Har aka shafa fatiha ba wanda ya faɗa. Sai fuskar Wilba ta faɗo mini. A kirarin nan na ambaci kowa, ban ambaci mutumin da ya shekara talatin yana buɗe filin nan tun da asuba ba, cikin sanyi da zafi, yana haɗiye wulaƙancin masu saye. An ba mutane da yawa fili sun sayar sun cinye. Su suna ɓoye dangi a bayan guminsu, mu muna ɓoye gumi a bayan dangi, kuma tamu tatsuniyar ma ba ta da ƙurunƙus. In za ki yi nazarin tasu, ki riƙa waiwayen tamu, zai rage miki girman kai a rubutu.

Madam Dori ba ta yanke ni ba. Duk ƙarshen shekara tana aiko mini da katin gaisuwa, da sa hannunta ita kaɗai. A na bana ta ce ciwon zuciya ya kwantar da shi, ya bar filin, yanzu wuni yake a baranda. Ta ce ba ya ambatona, amma ya hana a ba da tukunyar Garba.

Ga aikena. In kin huta, kin yi rajista, ki sa Nura ya kai ki Pleasant Garden ranar Lahadi. Ya tsaya a mota, kuma kada ya kuskura ya sa babbar riga. Na san me za ki ce: Baba, ai wannan ma aike ne, ka sake tura wani ya shige maka gaba. Na yi wannan tunanin, shi ya sa ba ke za ki yi magana ba. A ƙasan akwatinki, cikin zanen da mahaifiyarki ta naɗe yaji, akwai kaset da ɗan rediyon da za ki saka shi. Na rufe kaina a ɗaki na ɗauki muryata, na faɗi sauran kirarin, na mutum ɗayan da na tsallake, na kuma ba shi haƙuri a taƙaice, gwargwadon yadda ubanki ya iya taƙaitawa. Ki gaishe shi, ki faɗi ko ke 'yar wace ce. In ya ce ki zauna, ki ajiye rediyon a kusa da shi, ki danna, ki tashi ki tafi kicin wurin Madam Dori. Kada ki leƙo, kada ki tsaya fassara, ko kin ji ya ɗaga murya yana zagin rediyo. Ki bar mu mu biyu a barandar. Cewa ya yi in zo ni kaɗai, iyakar zuwan da zan iya ke nan.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na wasu. Ya ba ki malamai masu haƙuri da maƙwabta na gari, Ya sa albarka a karatunki da aurenki. Shi kuma Allah Ya ba shi sauƙi, Ya sa ki same shi a zaune.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba